Yadda za ka rufe sabarka ga masu ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa

Duk wanda ya taɓa kunna sabuwar saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima daga nesa, a intanet, ya bar ta ta kwana, da safe ya buɗe kundin shiga, inda sabar ke rubuta duk wanda ya gwada shiga, ya san faɗuwar gaban da nake nufi. Layi na bin layi: wannan adireshi ya gwada shiga da sunan root, wancan da admin, wani da ubuntu, wani da oracle, wani da test. Saba ce da ba ka gaya wa kowa labarinta ba, ko shafi ba ka ɗora a kanta ba tukuna. Tambayar da ke fara zuwa ita ce, wa na tsokana?

Ba ka tsokani kowa ba. Adiresoshin IPv4 gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fito da ZMap, suka nuna cewa kwamfuta ɗaya mai layin gigabit ɗaya tana iya zagaye su duka cikin ƙasa da minti 45. Shodan, injin da ke tattara jerin na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe, yana aiki tun 2009. Masu ƙwanƙwasa maka ƙofa ba mutane ba ne zaune suna kallon sabarka. Manhajoji ne da ke gudana a kan wasu na'urorin da aka riga aka yi wa kutse, suna taɓa kowace ƙofa su ji wadda za ta motsa. Haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi a 2016: ta bi ƙofar telnet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan sittin waɗanda masana'antu ke sakawa a kyamarori da na'urorin rarraba intanet, ta tara rundunar da a watan Oktoba na shekarar ta durƙusar da kamfanin Dyn mai haɗa sunayen shafuka da adiresoshinsu, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da dama.

Shi ya sa kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna ana kwafar adireshi ɗaya-ɗaya daga kundi ana toshewa. Wannan ɗibar ruwa ne da kwando. Ka toshe goma, gobe ɗari su zo daga wani wuri. Abin da ke aiki shi ne a bi tsari: a san ƙofofin da ke buɗe, a rufe waɗanda ba a buƙata, a cire abin da ake iya canka, a taƙaita waɗanda ke iya ganin ƙofar, sannan a ƙarshe a sa manhaja ta riƙa korar masu naci. Yawancin misalan nan na Linux ne, akwai sashen Windows can gaba.

Kafin ka taɓa komai, tanadi hanyar komawa

Wanda ya fi kulle mai saba a waje ba ɓarawo ba ne, mai sabar ne da kansa. Ni ma na taɓa kunna katangar tsaro (firewall) kafin in ba SSH, hanyar da ake shiga saba daga nesa, izini, allon ya daskare, na zauna ina kallonsa kamar zai tausaya mini. Garin neman gira aka rasa ido.

Saboda haka yi abu uku. Shiga shafin kamfanin da ya ba ka hayar sabar ka nemo tagar gaggawa, wadda ke buɗe maka allon sabar ta burauza ba tare da bi ta SSH ba, ka gwada ta yanzu, ka tabbatar kana da kalmar sirrin da za ta karɓa. Ɗauki hoton faifan sabar idan kamfanin na ba da wannan dama. Sannan ka riƙe doka guda: tagar da kake aiki a ciki ba ta rufuwa sai ka buɗe ta biyu ka shiga lafiya da sabon tsarin. Sake kunna SSH ba ya yanke zaman da ke gudana, don haka tsohuwar tagar ita ce igiyarka.

Duba wanda ke zuwa, da ƙofofin da ka bari buɗe

A Ubuntu kundin yana /var/log/auth.log, a dangin Red Hat irin su Rocky da AlmaLinux yana /var/log/secure. Debian 12 ba ta zuwa da rsyslog, don haka ba za ka ga fayil ɗin ba, sai ka tambayi journalctl:

`sudo journalctl -u ssh --since yesterday | grep -i "failed\|invalid"`

A dangin Red Hat sunan aikin sshd ne, ba ssh ba. Idan kana son ganin adiresoshin da suka fi naci:

`sudo grep "Failed password" /var/log/auth.log | grep -oE "from [0-9.]+" | sort | uniq -c | sort -rn | head`

Kada yawan lambar ya ruɗe ka. Layin da ke cewa an gaza shiga ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne layin da ya fara da Accepted daga adireshin da ba ka sani ba, kuma za mu koma kansa.

Yanzu ka ga abin da sabar ke saurare:

`sudo ss -tulpn`

Kalli gefen adireshi. Duk abin da ke kan 127.0.0.1 ko ::1, cikin gida yake magana, na waje ba ya jin sa. Abin da ke kan 0.0.0.0 ko :: ko tauraro kuwa, duniya yake saurare. A nan ake shan mamaki. Mutum yana ta fama da ƙofa ta 22, wadda SSH ke amfani da ita, alhali cikin rumbunan bayanai MySQL na tsaye a 3306, PostgreSQL a 5432, Redis a 6379, MongoDB a 27017, kowanne baki buɗe. A farkon 2017 an bi dubban rumbunan MongoDB da aka bari a fili, aka share bayanansu, aka bar wa masu su takardar neman kuɗin fansa. Babu wata dabara da aka yi. Ƙofa aka tarar ba kuba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan manhajar da ke amfani da rumbun bayanai tana kan sabar ɗaya da shi, ɗaure rumbun a cikin gida. A MySQL da MariaDB saitin shi ne bind-address = 127.0.0.1, a PostgreSQL listen_addresses = 'localhost', a Redis bind 127.0.0.1. Abin da ba ka san amfaninsa ba kuma, bincika shi, in ba a buƙata ka kashe da `sudo systemctl disable --now` tare da sunansa. Telnet a ƙofa ta 23 da FTP a ta 21 ba su da dalilin zama a saba ta yau, domin suna aika kalmar sirri tsirara.

Cire kalmar sirri daga SSH

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, don haka zan daɗe a kansa. Tatu Ylönen ya rubuta SSH a Finland a 1995 bayan an yi satar kalmomin sirri a cibiyar sadarwar jami'arsu, kuma OpenSSH da kusan kowa ke amfani da shi ya fito daga aikin OpenBSD a 1999. Hanyar a rufe take, ba a iya leƙa abin da ke wucewa. Amma idan ƙofar na karɓar kalmar sirri, ana iya tsayawa a yi ta canka. Makulli kuwa ba ya cankuwa. Ranar da ka hana shiga da kalmar sirri, dubban gwaje-gwajen nan sun zama surutu kawai.

A kan kwamfutarka, ba a kan sabar ba, ƙirƙiri makulli:

`ssh-keygen -t ed25519`

Zai tambaye ka jimlar sirri ta kare makullin. Sa ta. Mutane na tsallake wannan don gudun wahala, sai ranar da aka sace kwamfutar tafi-da-gidanka, ɓarawo ya tafi da ita har da makullin saba a ciki. Idan buga jimlar kullum ne ke damunka, ssh-agent zai riƙe maka ita har ka kashe kwamfuta. Za ka sami fayil biyu: mai ƙarewa da .pub shi ne na fili, shi ake kai wa saba. Ɗayan na sirri ne, ba ya barin kwamfutarka, ba a tura shi ta imel, ba a ba abokin aiki. Kowane mutum da nasa makulli, ta yadda in ya bar aiki za a goge layinsa kaɗai.

Idan har yanzu da root, asusun da ke da cikakken iko a sabar, kake shiga, fara da buɗe asusu na yau da kullum:

`sudo adduser mai_kula`
`sudo usermod -aG sudo mai_kula`

A dangin Red Hat rukunin wheel ne maimakon sudo. Sai ka kai makullin:

`ssh-copy-id mai_kula@adireshin_saba`

Buɗe sabuwar taga ka shiga. Idan ya ƙi, sau da yawa matsalar izinin fayil ce: foldar .ssh tana son 700, fayil ɗin authorized_keys yana son 600, kuma foldar gidan asusun kada ta zama wadda wasu ke iya rubutu a ciki. SSH na da tsantseni a nan, in ya ga sakaci sai ya yi watsi da makullin ba tare da ya gaya wa mai shiga dalili ba. A kundin sabar yake rubutawa. Tabbatar kuma sudo na aiki a sabon asusun kafin ka ci gaba.

Yanzu saiti. Ga tarkon da ya kama mutane da yawa: a sshd, manhajar SSH da ke gefen saba, darajar da aka fara karantawa ita ke cin nasara, ba ta ƙarshe ba. A Ubuntu da Debian na yanzu, saman fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config yana da layin da ke jawo duk abin da ke cikin /etc/ssh/sshd_config.d/ tun da farko. Sabobin haya da yawa suna zuwa da wani fayil a can mai suna 50-cloud-init.conf wanda ke cewa a karɓi kalmar sirri. Sai mutum ya gyara babban fayil, ya sake kunnawa, ya tafi yana murna, alhali ƙofar na nan yadda take. Maganinsa shi ne ka rubuta naka fayil da sunan da zai riga kowa a jeri, misali /etc/ssh/sshd_config.d/00-tsaro.conf:

`PermitRootLogin no`
`PasswordAuthentication no`
`KbdInteractiveAuthentication no`
`PubkeyAuthentication yes`
`AllowUsers mai_kula`
`MaxAuthTries 3`
`LoginGraceTime 30`

AllowUsers na nufin ko da wata manhaja ta ƙirƙiri asusu a bayan idonka, ba za a shiga da shi daga nesa ba. MaxAuthTries asalinsa 6 ne, LoginGraceTime daƙiƙa 120. Hattara da na farkon: idan ssh-agent ɗinka na riƙe da makullai huɗu ko biyar, zai miƙa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ƙirga shi gwaji, a kore ka kafin a zo kan na daidai. Sa IdentitiesOnly yes da IdentityFile a fayil ɗin ~/.ssh/config na kwamfutarka, shi ke nan. A tsofaffin OpenSSH kafin 8.7, sunan layi na uku ChallengeResponseAuthentication ne.

Kafin ka sake kunnawa, duba kuskuren rubutu, sannan ka duba abin da sshd ya fahimta da gaske:

`sudo sshd -t`
`sudo sshd -T | grep -i "passwordauth\|permitroot\|allowusers"`
`sudo systemctl reload ssh`

Gwajin ƙarshe daga kwamfutarka: tilasta shiga da kalmar sirri ka ga an ƙi ka.

`ssh -o PubkeyAuthentication=no mai_kula@adireshin_saba`

In ya amsa da Permission denied tare da publickey kaɗai, ka gama. In ya tambaye ka kalmar sirri, da sauran aiki.

Mai son ƙari yana da hanya biyu. Tun OpenSSH 8.2 na 2020 ana iya ɗaure makulli a jikin ɗan ƙarfen tsaro irin YubiKey da `ssh-keygen -t ed25519-sk`, ta yadda sai an taɓa ƙarfen da hannu kafin a shiga. Ko kuma a haɗa makulli da lambar da ke canzawa duk daƙiƙa 30 a waya, ta libpam-google-authenticator. Wannan na buƙatar a mayar da KbdInteractiveAuthentication zuwa yes, a ƙara AuthenticationMethods publickey,keyboard-interactive, a kuma gyara PAM, tsarin tantance masu shiga na Linux, da kyau don kada kalmar sirri ta dawo ta bayan gida. Ni na fi son ƙarfen, ya fi sauƙin saiti, sai dai a sayi biyu a ajiye ɗaya.

Katangar tsaro: hana kowa, sannan ka zaɓi wanda za ka bari

A Ubuntu da Debian, UFW, manhajar saita katanga mai sauƙi, ya wadatar. Jerin umarnin na da muhimmanci, izini kafin kunnawa:

`sudo ufw default deny incoming`
`sudo ufw default allow outgoing`
`sudo ufw allow from 203.0.113.10 to any port 22 proto tcp`
`sudo ufw allow 80,443/tcp`
`sudo ufw enable`
`sudo ufw status numbered`

Adireshin 203.0.113.10 na misali ne, sa naka. Idan gabanka na faɗuwa, ɗana wa kanka agogon ceto kafin ka kunna, muddin manhajar at na kan sabar: `echo "ufw disable" | sudo at now + 10 minutes`. In ka kulle kanka, bayan minti goma katangar za ta sauka da kanta. In komai ya tafi daidai, soke shi da atrm.

Taƙaita ƙofa ta 22 ga adireshi ɗaya shi ne mafi tsabta, amma sai in adireshinka ba ya canzawa. Mai shiga ta layin waya ko intanet ɗin gida yakan wayi gari da sabon adireshi. A wannan hali `sudo ufw limit 22/tcp` na rage gudu: adireshin da ya buɗe haɗi shida ko fiye cikin daƙiƙa 30 za a dakatar da shi. Maganin wucin gadi ne, na gaskiyar yana can gaba, a sashen ɓoye ƙofar baki ɗaya. Tuna kuma UFW na bin dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta farko da ta dace ita ke aiki. In za ka hana wani adireshi, `ufw insert 1 deny from` za ka yi don dokar ta hau saman ta izini. Duba /etc/default/ufw ka ga IPV6=yes, kada ka kulle ƙofar gaba ka bar ta baya.

A dangin Red Hat, firewalld ne:

`sudo firewall-cmd --permanent --add-rich-rule='rule family="ipv4" source address="203.0.113.10" service name="ssh" accept'`
`sudo firewall-cmd --permanent --remove-service=ssh`
`sudo firewall-cmd --reload`

Masu Docker, ku karanta wannan sau biyu. Idan ka buɗe ƙofar kwantena da -p 5432:5432, Docker na rubuta nasa dokokin kai tsaye a iptables, asalin katangar Linux da UFW ke aiki a kanta, zirga-zirgar ta wuce ba tare da ta bi ta dokokin UFW ba. UFW zai rantse maka ƙofar a rufe take, ita kuwa a buɗe. Rubuta -p 127.0.0.1:5432:5432 in cikin gida kaɗai ake buƙata, ko ka sa dokokinka a sarƙar DOCKER-USER. Hanya ɗaya ta sanin gaskiya ita ce dubawa daga waje: daga wata kwamfuta, `nmap -Pn -p- adireshin_saba`. Sabarka kaɗai za ka yi wa haka, ba ta mutane ba.

Idan kamfanin haya na da tasa katangar a shafinsa, yi amfani da ita ma. Tana tare zirga-zirga kafin ta iso sabar, Docker ba ya iya tsallake ta, kuma in ka kulle kanka ta burauza za ka gyara.

Tsofaffin bayanai na yawan cewa a rubuta adireshi a /etc/hosts.deny. OpenSSH ya daina goyon bayan wannan tun 6.7 a 2014, Red Hat 8 ta cire shi gaba ɗaya. Kada ka dogara da shi.

Canza lambar ƙofa

Ana ta jayayya a kan wannan fiye da yadda ya cancanta. Mayar da SSH daga 22 zuwa wata lamba ba tsaro ba ne, mai nemanka da gaske zai gano ta da nmap cikin ɗan lokaci. Amfaninsa guda ne: kundi ya yi shiru, har abin da ya fita daban ya fito fili. In za ka yi, buɗe sabuwar lambar a katanga tukuna. Inda SELinux, ƙarin tsarin tsaron da dangin Red Hat ke zuwa da shi, ke aiki sai ka sanar da shi da `semanage port -a -t ssh_port_t -p tcp` da lambar. A Ubuntu 24.04 kuma ssh.socket ne ke riƙe da ƙofar, don haka bayan gyara sai `systemctl daemon-reload` da `systemctl restart ssh.socket`.

Fail2ban, mai gadin da ke karanta kundi

Yanzu ne lokacinsa, ba da farko ba. Fail2ban na karanta kundi, in ya ga adireshi ya gaza sau kaza cikin lokaci kaza sai ya sa katanga ta toshe shi. Asalin saitinsa gazawa 5 cikin minti 10, hukunci minti 10. Kada ka gyara jail.conf, sabuntawa za ta iya taka shi, buɗe /etc/fail2ban/jail.local:

`[DEFAULT]`
`ignoreip = 127.0.0.1/8 ::1 203.0.113.10`
`findtime = 10m`
`maxretry = 4`
`bantime = 1h`
`bantime.increment = true`

`[sshd]`
`enabled = true`
`backend = systemd`
`mode = aggressive`

Layin bantime.increment na ƙara tsawon hukunci duk lokacin da adireshi ya sake dawowa. Layin backend shi ne ke ceton masu Debian 12, inda fail2ban ke ƙin tashi don bai ga auth.log ba, yana buƙatar python3-systemd. Na sa aggressive ne domin bayan an cire kalmar sirri, yawancin masu ƙwanƙwasa ba sa kaiwa ga matakin da za a rubuta sun gaza, yankewa suke yi tun a bakin ƙofa, kuma saitin yau da kullum ba ya ƙirga su duka. Idan ka canza lambar ƙofa, ƙara layin port da sabuwar lambar, in ba haka ba zai yi ta toshe 22 inda ba kowa.

`sudo systemctl enable --now fail2ban`
`sudo fail2ban-client status sshd`
`sudo fail2ban-client set sshd unbanip 203.0.113.10`

Ban yarda da toshewa ta har abada ba. Adiresoshi na canza hannu, kamfanonin waya kuma na haɗa dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, sai ka hukunta wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. San kuma iyakarsa: runduna mai adireshi dubu goma, kowanne ya gwada sau biyu ya wuce, fail2ban ba zai kama ko ɗaya ba. Inda ya fi amfani shi ne wuraren da dole a bar kalmar sirri, kamar shafin shiga na manhajar yanar gizo ko sabar imel. OpenSSH 9.8 ma ya zo da nasa ɗan hukunci mai suna PerSourcePenalties, wanda ke aiki tun daga girkawa.

Ɓoye ƙofar baki ɗaya

A Yuli 2024 kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka a OpenSSH da aka laƙaba wa regreSSHion, lambarta CVE-2024-6387. Ta shafi fitowa daga 8.5p1 har zuwa kafin 9.8p1 a Linux, kuma ba ta buƙatar kalmar sirri ko makulli, tun kafin tantancewa take aiki. Tsohon kuskure ne da aka gyara a 2006 ya sake dawowa. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Maris, injiniya Andres Freund ya lura shiga ta SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da kima, ya bi diddigi, ya tono ƙofar sirri da aka dasa a xz 5.6.0 da 5.6.1. Allah ya taimaka ba ta kai ga tsayayyun fitowar Debian da Ubuntu da Red Hat ba. Abin da duka biyun ke nunawa shi ne makulli na kare ka daga mai canka, amma ba ya kare ka daga tsagar da ke jikin ƙofar kanta. Wanda ƙofarsa ba ta ganuwa daga intanet shi ne ya yi barci a waɗannan ranaku.

WireGuard, manhajar VPN ta Jason Donenfeld mai haƙa rufaffen rami tsakanin na'urori biyu, wanda ya shiga cikin zuciyar Linux a fitowa ta 5.6 a 2020, yana da hali mai kyau: in saƙo ya zo ba da sahihin makulli ba, ba ya amsawa ko kaɗan. Mai zagaye ba ya sanin akwai wani abu a wurin. Bayan ka haɗa shi tsakanin kwamfutarka da sabar, ka tabbatar kana iya shiga ta adireshin cikin ramin:

`sudo ufw allow 51820/udp`
`sudo ufw allow in on wg0 to any port 22 proto tcp`

Sai ka goge tsohuwar dokar 22 da `ufw delete` da lambarta. Daga nan adireshinka ya canza sau goma a rana, ba ruwanka. Mai sabobi da yawa kuma ya ware ɗaya ta zama zaure, sauran su karɓi SSH daga gare ta kaɗai, a bi ta kanta da `ssh -J zaure saba_ta_ciki`.

Sabuntawa ma a sa ta ta riƙa yin kanta: unattended-upgrades a Debian da Ubuntu, dnf-automatic a dangin Red Hat.

Idan Windows ce

Ƙofar RDP, hanyar shiga allon Windows daga nesa, ita ce 3389, kuma masu manhajar neman fansa sun daɗe da mayar da ita babbar hanyarsu. A Mayu 2019 ɓarakar BlueKeep ta yi munin da Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da aka daina kula da ita. Ta 445 kuma, ƙofar raba fayiloli ta Windows, ita manhajar neman fansa ta WannaCry ta bi a 2017. Hukuncina a nan gajere ne: kada ɗayansu ya fuskanci intanet. Sa RDP a bayan WireGuard ko RD Gateway, ko aƙalla ka taƙaita shi a PowerShell:

`Set-NetFirewallRule -DisplayGroup "Remote Desktop" -RemoteAddress 203.0.113.10`

Kunna tantancewa ta NLA don kada baƙo ya kai ga allon shiga. A secpol.msc saita kulle asusu, misali gazawa 10, kulle minti 10; tun sabuntawar Oktoba 2022 akwai saitin da ke sa dokar ta hau kan asusun Administrator shi ma. Sai dai kulle asusu wuƙa ce mai baki biyu: in ƙofar na fili, mai gwaji zai iya sa a yi ta kulle ma'aikatanka. A Event Viewer, lamba 4625 gazawa ce, 4624 nasara, nau'in shiga na 10 kuwa RDP ne.

Ko an riga an shiga?

Duk abin da ya gabata zai zama ihu bayan hari in wani ya riga ya zauna a ciki. Nemo duk shigar da aka karɓa:

`sudo journalctl -u ssh | grep Accepted`

Bi su ɗaya-ɗaya, adireshi da lokaci. Buɗe authorized_keys na kowane asusu, har da na root, ka ga ko akwai makullin da ba naka ba. Duba ko akwai wani asusu mai lamba 0 ban da root da `awk -F: '$3==0' /etc/passwd`. Leƙa crontab na kowane asusu da foldar /etc/cron.d, ka duba ayyukan systemd da ba ka san su ba, ka kalli top ko akwai wani abu mai baƙon suna da ke cinye ƙarfin injin, domin haƙar kuɗin kirifto shi ne abin da aka fi ɗora wa sabar da aka kama. `ss -tpn` zai nuna maka inda sabar ke kira zuwa waje.

In ka ga alama tabbatacciya, kada ka tsaya wanke-wanke. Wanda ya sami root yana iya canza ps da ss da kundin kansa su riƙa yi maka ƙarya. Yanke sabar daga intanet ta katangar kamfanin haya, ɗauki hoton faifan don bincike, gina sabuwa daga tushe, dawo da bayanai kaɗai daga ajiyar da ta riga ranar kutsen, ba manhajoji ba. Sannan ka canza duk abin sirrin da ya taɓa zama a tsohuwar: kalmomin rumbun bayanai, makullan API, takardun shaidar TLS, da duk makullin SSH da ke kaiwa daga ita zuwa wata saba.